Sharar da Umma Ta Yi Wa Gadi

Yayata ta koma jami'a da furfura a gaban goshinta. Ba ta da yawa, amma tana nan, kuma ni na fara ganinta, don ni ce mai ɗaura mata ɗankwali duk ranar da za ta wurin da ake kallon mutane. Na ce, "Yaya, 'yan ajinku za su ɗauka kin zo neman ɗanki ne." Ta ce in ɗaura in yi mata shiru. Ɗaurin na iya, shirun ne har yau bai karɓe ni ba.

Ni tela ce. Shagona yana jikin gidan da aka haife mu, ɗaki ne guda da Baba ya fasa wa ƙofa ta waje tun yana aikin kafinta a cikinsa. Tagar baya, wadda nake ajiye almakashi da kwalin allurai a kanta, a da rafi take kallo. Yanzu in na leƙa sai kankare da motoci a jere, domin an rufe rafin an mai da samansa wurin ajiye mota. 'Yan matan da ke kawo min ɗinki ba su ma san akwai ruwa a ƙarƙashin ƙafarsu ba. Ni kuwa in gari ya yi tsit ina jin motsinsa, ko kuma kunnena ne ke yi min ƙarya, ban damu in tantance ba.

A bakin wannan rafin muka girma, lokacin ruwansa garau yake har ana ganin yashin ƙasa. Mu wanka ke kai mu, Yaya kuwa tambaya ke kai ta. Sai ta kamo 'ya'yan kwaɗi ta zuba a kwalba, ta tasa su gaba tana jiran ranar da ƙafa za ta fito musu. Baba yana goge katako yana amsa mata abin da ya sani, wanda bai sani ba ya ce, "Wannan sai kin je babbar makaranta." Ta kuwa je. Ita ce ta farko a gidanmu, ita ce ta farko a layinmu kaf, kuma Baba da hannunsa ya haɗa mata akwatin da ta zuba littattafai.

Tana shekarar ƙarshe Baba ya kwanta ciwo, bai tashi ba.

Umma ba ta ce mata ta bar karatu ba. Ina wurin, kuma da wayona. Bayan 'yan gaisuwa sun watse, ta kira ta ɗaki ta ce, "Ki dubi ƙannenki." Iyakar abin da ta ce ke nan. Yaya ta dube mu, muna zube a tabarma kamar kayan wanki, ta tashi ta tura akwatin nan ƙarƙashin gadon Umma. Wata bai zagayo ba ta fara koyarwa a wata firamare. Da guminta muka ci, da shi muka yi makaranta, da shi na zauna a kan keken ɗinki. Daga baya ta yi aure can wani gefen gari, ta haifi nata, ta raine su. Akwatin dai yana inda ta tura shi.

Sai na gaya muku wace ce Umma, in ba haka ba abin da ya biyo baya ba zai shiga kanku ba. Umma mace ce da aka halitta da tsintsiya a hannu. Tana shara kafin baƙo ya zo, tana shara bayan ya tafi, wani lokacin ma yana zaune sai ta ce ya ɗaga ƙafa. Ƙyallen da ya faɗo daga almakashina ba ya kai ƙasa da daɗi ta riga ta tsince shi. Duk mako takan jawo akwatin Yaya ta goge masa ƙura ta mayar, amma ba ta taɓa buɗe shi ba, ba ta kuma taɓa ɗaga maganarsa ba. Tsakaninta da Yaya akwai hira iri-iri, ta jikoki, ta ciwon gwiwa, ta maƙwabta. Maganar karatu ce kaɗai suke zagaye ta, kowa ta bi gefenta ta wuce.

Sharar Umma a bakin ƙofar baya take tsayawa. Rafin ba na kowa ba ne, shi ya sa kowa ya mai da shi juji. A shekarun da Yaya ta yi tana koyarwa, ruwan nan ya koma baƙi, leda da robobi da gwangwanaye suka cike shi. Har mutanen gari suka riƙa kiran layinmu layin ƙazamai, in mun shiga mota aka tambaye mu inda za mu sauka sai mu ambaci mahaɗar da ke gaba. Umma ta fi kowa jin zafin sunan, sai dai ta juya wa rafin baya ta ci gaba da share tsakar gidanta.

Da babban ɗan Yaya ya gama sakandare, sai ta ce ita ma saura ita. Tsohon karatunta ya riga ya bi ruwa, dole ta faro daga tushe, ta kuma zaɓi nazarin muhalli. Tana koyarwa da safe, tana zaman aji da yamma cikin yaran da suke kiranta Anti. Bai zo mata da sauƙi ba. Akwai shekarar da mijinta ya yi jinya ta ajiye, akwai wadda lissafi ya kayar da ita ta maimaita. Jami'a kuwa tana da iyakar shekarun da take ba mutum. Lokacin da ta kai shekarar ƙarshe, an riga an gaya mata cewa in ba ta gama a wannan ba, babu wata.

A shekarar ne ta faɗa hannun malamin da ke koyar da dabarun bincike. Ɗalibai ba sa kiransa da komai sai Ina-Hujja, don duk abin da ka faɗa a ajinsa, ko cewa ka yi ana zafi, tambayar da zai yi maka ke nan. Yaya ta kwaso cutar ta kawo mana gida. Wata rana na ce wata mai kawo min ɗinki ta ƙara ƙiba, ta ce, "Kin auna, ko idonki ne?" Na ce na auna mana, ni da tef nake kwana. Ta ce, "Da tef ɗaya kika auna bara da bana?" Na ce ta tashi ta bar min shago kafin in auna ta da almakashi. Amma gaskiya ina jin daɗin ganinta haka. Yarinyar nan mai kwalbar kwaɗi ce ta dawo, sai dai yanzu da tabarau.

Kowane ɗalibi sai ya rubuta kundin bincike kafin a ba shi digiri, ita kuma ba ta je nesa ba, rafin bayan gidanmu ta ɗauka. Ta tono ragowar katakon Baba da ke jingine a bayan shago, ta fere turaku, ta shafa musu jan fenti, ta kafa su a bakin ruwa ta yanka wurin gida-gida. Duk mako takan zo da dogon takalmin roba da safar hannu, ta ƙirga abin da ke cikin kowane gida, leda nawa, roba nawa, ta ɗauki hoto, ta bar komai a inda yake. So take ta nuna yadda shara ke taruwa tun daga farkon rani har zuwa ruwan farko, wanda zai zo ya kwashe komai. Ni ta yi min wannan bayanin a shago ina ɗinki. Umma kuwa, Yaya ba ta yi mata ba, don maganar karatu ce. Ita ma Umma ba ta tambaya ba, takan dai tsaya a ƙofa ta kalli 'yarta cikin ƙazanta har gwiwa, ta koma ciki ta dafa mata ruwan wanka.

Aiki ya yi nisa, rani ya wuce rabi, sai Yaya ta ce a tsakar gida, tana cire takalmi, "Umma, ranar Asabar malamina zai zo ya ga wurin da nake aiki."

Umma ta ce, "Nan bayan gidan?"

"Eh, nan."

"Babban malami ne?"

"Babba ne sosai."

Umma ta ce Allah ya kawo shi lafiya, ta ci gaba da abin da take yi. Ni a satin na tafi babbar kasuwa sayen yadi, na sauka a gidan Yaya, don haka ranar Asabar tare muka shigo motar malamin. Dogo ne siriri, ba ya son surutu, yana tuƙi kamar motar aro ce. Yaya tana ta ba shi haƙuri tun a hanya, cewa wurin yana wari, ya yi hattara da takalminsa.

Muka zagaya bayan gida. Na rantse muku na ɗauka mun ɓata hanya. Babu leda ko ɗaya. An kwashe, an tone, an share bakin rafin har sawun tsintsiya ya fito a ƙasa layi-layi. Ruwan yana tafiya siriri a kan yashin da rabona da gani tun ina yarinya. Turakun Yaya suna nan tsaye, an ma wanke su, jan fentin yana ƙyalli. Mutanen layi sun jeru daga gefe cikin kaya masu kyau, mai wanki da matarsa, mai faci da hannunsa duk ƙuje-ƙuje, matan maƙwabta da goyonsu. Daga baya muka ji cewa kwana biyu suka yi suna aikin da baro da shebur da manjagara, Umma ce ta bi gida-gida ta ce baƙon 'yarta zai zo, ba za a kunyata ta a gaban malaminta ba. Ita kuma tana tsaye a ƙofar baya da zanen da ba ta ɗaurawa sai ranar fita, fuskarta cike da murna.

Yaya ta bi bakin rafin da kallo. Ta taka zuwa turken farko, ta dafa shi, ta nemi wani dutse ta zauna.

Malamin ya bi bakin rafin har ƙarshen turakun ya dawo, hannunsa a baya. Ya gai da Umma da ladabi, ya karɓi ruwan da ta miƙo masa ya sha. Sannan ya ce da Yaya a hankali, "Na ga bincike ya lalace ta hanyoyi da yawa, amma ban taɓa ganin wanda tsafta ta lalata ba."

Umma ta dubi malamin, ta dubi Yaya a kan dutse, murmushin ya fara sauka daga fuskarta. Ta ce, "Me ya faru? Ba a share da kyau ba ne?"

Ni na yi mata bayani, don Yaya ta kasa. Na ce sharar ce karatun. Na ce ita ake ƙirgawa, kuma sai ta ci gaba da taruwa har ruwan farko sannan lissafin zai cika. Yanzu an yanke shi a tsakiya, ba za a iya farowa ba sai wani ranin, jami'a kuwa ba za ta jira wani ranin ba.

Mai faci, Allah ya ba shi lada, ya matso yana sosa ƙeya ya ce, "To ai ba a ƙona ba, tana can jibge a bakin titi. In an ba mu zuwa la'asar sai mu mayar da ita." Har wasu sun fara waigen baro. Malamin ya juya baya yana tari, na san dariya yake dannewa. Yaya ta girgiza kai ta ce, "Na gode, Kawu, amma wadda aka zuba da hannu ba ita ba ce."

Umma ba ta saurari wannan ba. Tana tsaye riƙe da kofin da malamin ya mayar mata, ta ce, ba da ƙarfi ba, kamar da kanta take magana, "Sau biyu ke nan ina cinye miki karatu." Ta juya ta shige gida. Tun rasuwar Baba, ranar ce ta farko da maganar ta fito daga bakinta, kuma a gaban duk mutanen layi ta fito.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ba daɗi. Umma ta daina shara, abin da ko zazzaɓi bai taɓa sa ta yi ba. Ƙyallaye suka taru a ƙarƙashin kekena ba mai tsincewa, ni kuma na rasa me ya sa ganinsu ke ɓata min rai. Yaya takan zo bayan ta tashi daga makaranta, ta gai da Umma daga bakin ƙofa, ta shigo shago ta zauna a kan buhun yadi tana kallon taga. Na ce mata, "Ke ma dai da tsaurin ido. Kin san yadda sharar nan ke ƙaruwa, ki cike sauran makonnin da ka mana. Ni in mai kaya ba ta zo awo ba, kintata nake yi." Ta ce, "Shi ya sa rigunanki ke shaƙe mutane a hammata." Ta fi ni gaskiya, amma ban gaya mata ba.

Ana haka, wata yamma tana zaune a wurin nan nata, sai ta miƙe ta manna fuska a taga. Wata shuɗiyar leda ce ta maƙale a turke na biyu, da wata robar ruwa a gefenta.

Ta ce, "Wa ya jefa waccan?"

Na ce, "Ba kowa. Tun ranar nan kunya ta hana kowa zuba ko ɓawon lemo, a tsohuwar durom ta bakin titi ake tarawa."

"Kin gani, ko an ce miki?"

"Yaya, a bakin tagar nan nake wuni."

Ta fita ba takalmi. Na hango ta tsugune tana kallon ledar, sannan ta ɗaga kai tana kallon inda ruwan ke gangarowa, ta wajen kasuwa. Da ta dawo idonta ya canza. Ta ce in dai ba mu muka jefa ba, to ruwa ne ya kawo. Tana da ƙidayar da, lokacin da kowa ke zubawa. In aka hana mutanen layi zubawa daga yanzu har ruwan farko, duk abin da ya taru daga sama ya zo, sai a gwada wannan da wancan a ga nawa ne namu, nawa ne aka aiko mana. Ta ce wannan tambayar ta ma fi ta farkon, kuma ba don an share wurin tas ba, da babu hanyar amsa ta.

Washegari ta kai wa malamin. Ya saurara har ta gama, ya ce tunanin ya yi, sannan ya yi mata tambayarsa. Ina hujjar cewa babu wanda zai jefa, babu kuma wanda zai tsince, tsawon makonnin nan? In mutum ɗaya ya zuba kwandon shara, ko mutum ɗaya ya ga ƙazanta ta dame shi ya kwashe, aikin ya sake mutuwa, kuma wannan karon babu sauran dabara.

A layinmu mutum ɗaya ce kowa ke jin maganarta, kuma tana ɗaki ta juya fuska bango. Yaya ta daɗe tsaye a tsakar gida kafin ta ɗaga labulen. Ni ban shiga ba, amma labule ba ƙofa ba ne, kuma ban taɓa cewa ni ba mai son jin magana ba ce. Na ji ta zauna a bakin gado, daidai saman akwatin nan, ta fara bayani tun daga turaku. Ta yi shi dalla-dalla, yadda take yi wa 'yan ajinta na firamare, me ake ƙirgawa, don me, me malamin ya ce. Rabon da ta yi wa Umma maganar makaranta tun Baba yana da rai.

Da ta gama, Umma ta ce, "Ba jefawa, wannan na ji. Ba tsincewa kuma?"

"Ko ɗaya, Umma."

"Ko ta zo bakin ƙofata?"

"Ko ta zo bakin ƙofarki."

Sannan na ji ƙarar gado, Umma ta ce, "Miƙo min ɗankwalina."

Tun daga ranar, gari na wayewa Umma za ta fito da kujerarta ta ajiye a ƙofar baya, ba ta tashi sai salla da abinci, su ma ni take kira in tsaya mata. In duhu ya yi mai faci ya karɓa, don ɗakinsa rafin yake kallo. Hana zubawa bai ba ta wuya ba, kallo ɗaya take yi wa mutum ya juya da kwandonsa. Wahalar tana wajen ɗaya rabin. Sharar ta fara dawowa, yau leda, gobe takalmi wari guda, jibi ruɓaɓɓen kayan miya daga kasuwa, tana taruwa a gindin turakun tana kumbura cikin zafin rana. Umma tana zaune da tsintsiya a kan cinya, don ta ce in babu ita hannunta ba ya samun wurin zama.

Yaya ta ja mata layi a ƙasa da tsinke, ta ce daga nan zuwa ƙofa nata ne, daga nan zuwa ruwa na jami'a ne. Wannan 'yar tazarar, wadda ba ta fi shimfiɗar tabarma ba, ita ta sha shara a madadin rafin gaba ɗaya. Umma ta share ta da safe, ta share ta da rana, ta share ta babu komai a kanta, har ƙasar wurin ta lotsa ta zama kwari. Wata rana wani ƙazamin ƙunzugun jariri ya taso da ruwa ya tsaya daf da layin, ta ɓangaren jami'a. Makonni ya yi a wurin, ƙudaje suna biki a kansa. Na sha ganin hannun Umma ya miƙa da tsintsiya ya tsaya a iska, sannan ta dawo da shi ta danne da ɗayan.

Mata masu wucewa suna tsokanarta. Matar mai wanki ta ce, "Umma, mutane na gadin dukiya, ke kina gadin juji?" Umma ta ce, "Karatun 'yata ne, ki bi ta can kar ki taka." Tana faɗin haka ba ta ko murmusa ba, matar ta bi ta can.

Ba zan ja muku rai ba, Yaya ta ci. Ƙidayarta ta nuna cewa mafi yawan abin da ke taruwa a bayan gidajenmu ruwa ne ke kawo shi daga sama, namu kaɗan ne a ciki. Ranar da ta kare kundinta, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya tambaye ta yadda ta tabbatar ba a taɓa wurin ba. Ta ce mahaifiyarta ce ta yi gadi. Aka yi dariya a ɗakin, sai Ina-Hujja ya ce shi shaida ne, ya je ba sanarwa har sau biyu, kuma duka biyun Umma ta kore shi daga bakin layin da aka ja mata. Sunan layin ƙazamai bai bar mu nan take ba, amma mu mun daina sauka a mahaɗar gaba. Yaya ta ƙarasa aikinta a ofishin kula da muhalli, ta yi ritaya, furfurar nan ta gama cinye kan. Umma ta rasu kafin a rufe rafin, kuma na gode wa Allah da ba ta ga kankaren ba.

Amma in ina tuna wannan shekarar, ba ranar sakamako nake tunawa ba, ba kuma hoton da aka ɗauka da doguwar riga da hula ba, duk da ni na rage wa rigar tsawo. Ranar ƙidayar ƙarshe nake tunawa, kuma duk lokacin da na tuna ta sai kewar su biyun ta kama ni, har da Yaya da ke raye.

Hadari ya haɗu tun hantsi, gabas ta yi baƙi, iska ta fara kaɗa ledojin da ke maƙale a turaku. Yaya ta bar aji ta taho a guje, ta zura takalmin roba ta faɗa ruwa, tana ƙirgawa tana ɗaukar hoto, tana waigen sama. Na rufe shago na fito. Umma ta tashi daga kujera ta tsaya a kan layinta, yatsun ƙafarta daidai bakinsa, tsintsiya a hannu, iska tana fizgar mayafinta. Yaya ta gama gidan ƙarshe, ta rufe abin rubutunta ta cusa a leda, ta hauro tana haki, daidai lokacin da ɗigon farko ya fara sauka a kan kwanon gida.

Umma ta ce, "An gama?"

"An gama, Umma."

"Ya cika? Ba abin da ya ɓace?"

"Ya cika."

Na ɗauka za ta tsallaka layin ta far wa ƙunzugun nan da ta yi makonni tana harara. Ba ta tsallaka ba. Ta dubi rafin, ta dubi Yaya da ke tsaye jiƙe da baƙin ruwa har gwiwa, ta buɗe hannu tsintsiyar ta faɗi ƙasa. Ta nuna mata tafin hannunta biyu, kamar yarinyar da ake tuhuma da ɗaukar abu.

Ta ce, "Wannan karon ban taɓa ba."

Yaya ta kama hannayen nan da safar hannunta mai datti, Umma kuwa ba ta janye ba. Ruwa ya sauko da ƙarfi, na ce su shigo, ba wadda ta ji ni. Sai na ɗauki kujerar da tsintsiyar na kai ciki, na bar su a wurin.